Fitilun Bison Siman

Magadaliya Siman mai lambu ce a Naraguta. Gonarta tana bakin wani tsohon kududdufi da masu haƙar kuza suka bari, da ruwansa take noman rani, kabeji da karas da latas, ta kai kasuwar Farin Gada ta sayar wa masu lodin motocin kudu. Mace ce gajera mai ƙarfin damtse, ba ta da yawan magana, kuma in ta ɗauki aiki ba ta ajiyewa sai ta ga ƙarshensa. Waɗanda suka san ta a 'yan shekarun nan sun fi saninta da buhun da take yawo da shi gida-gida tana karɓar fitilu. Waɗanda suka san ta tun da can kuwa, abin da suka fi tunawa shi ne zamanta da uwar mijinta, Ngo Naomi, domin ba kasafai ake ganin irinsa tsakanin surukai ba. Fitila ɗaya ce ta shiga tsakaninsu.

An haifi Magadaliya a Jos Jarawa a 1971. Mahaifiyarta ta rasu tana aji uku na firamare, ta ƙarasa girma a gidan kawunta, inda ba a zalunce ta ba, ba a kuma ja ta a jiki ba. Da ta auri Siman, mai gyaran injin ban-ruwa, sai ya kai ta ƙauyensu can bayan Vom ta gaida mahaifiyarsa. Ranar farko aka ba ta acca ta dafa, ta dafa da tsakuwa a ciki har mutane na tauna suna runtse ido. Ngo Naomi ta cinye nata tas, ta ce wa baƙi ita ta wanke accar, idonta ne ya fara tsufa. Washegari da sassafe ta ja amaryar bayan ɗaki da ƙwarya biyu, ta koya mata yadda ake rege acca, ba wanda ya gani. Daga ranar Magadaliya ta sami uwa. Da ta haifi 'yarta Suzana bayan dogon jira, Ngo Naomi ce ta baro gonarta ta zo Naraguta ta yi mata wankan jego, kuma duk wanda ya tambayi yaushe za a sami namiji, sai ta ce masa ya je ya haifa da kansa.

Siman ya rasu a ƙarshen daminar 2022, bayan ciwon hanta ya daɗe yana cin sa. Shi kaɗai ne ɗan da ya rage wa Ngo Naomi a duniya.

A nan Filato, in za a yi bison magidanci, wato jana'izarsa, iyalinsa kan raba wa waɗanda suka zo wani abin tunawa mai ɗauke da hotonsa, bokiti ko kofi ko faranti. Matan Zumunta na cocinsu suka zauna a tsakar gidan Magadaliya don a tsayar da abin da za a raba. Klaudiya, ƙawarta tun ƙuruciya, ta ce a yi bokiti, kowa na so, kuma ba ya saurin lalacewa.

"Bokiti?" in ji Magadaliya. "A ɗauki fuskar Siman a shiga bayi da ita?"

"To ai haka aka yi wa baban fasto."

"Na gani. Na je wani gida na tarar da baban fasto a gindin famfo, akuya ta tura kai a cikinsa."

Matan suka fashe da dariya duk da zaman makoki ake yi, suna rufe baki da gefen zane. Magadaliya ba ta yi dariya ba. Ta ce ita fitila za ta raba, irin mai cajin nan. Fitila a kan tebur ake ajiye ta, ko a gefen gado, ba mai taka ta, ba mai wanke ƙafa a cikinta. Ba wadda ta iya musa wannan.

Ta sayo su a shagon wani mai kayan lantarki, Ejiofor, kusa da kasuwar Taminus. Daga can aka kai katan-katan ɗin Nasarawa Gwom, wurin Haladu mai buga hoto. Haladu abokin Siman ne na shekara da shekaru. Ko a lokutan da mutanen unguwarsu suka daina shiga Nasarawa saboda rikici, Siman bai daina zuwa shan shayi a bencinsa ba. Haladu yana da ƙa'idar aikinsa, yana kuma alfahari da ita. Kowace fitila takan zo da wata takarda a manne a bayanta, mai sunan kamfani da wasu lambobi. In aka ɗora hoto a kan takardar, sai ya yi tudu, ba da daɗewa ba ya fara ɓarewa daga gefe. Saboda haka shi yakan jiƙa takardar da kananzir, ya kankare ta da reza, ya goge wurin ya bushe, sannan ya shafa gam mai ƙarfi ya manna hoton. Hoton yakan rufe bayan fitilar gaba ɗaya, har da ramukan notin da suka riƙe ta.

"Maman Suzana, wannan ko jikokinki ba za su iya ɓare shi ba," in ji shi ranar da ta je karɓa. Ya ɗaga ɗaya yana dubawa. "Mutumin nan da ransa bai taɓa yin kyau haka ba. Wa ya ba shi aron kwat?"

"Ta aurenmu ce."

"Shi ya sa ta shaƙe shi a wuya."

Ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana gyara wasu takardu da ba sa bukatar gyara.

A ƙauye aka binne Siman, bayan ɗakin mahaifiyarsa. Mutane sun taru, manoma da direbobi da 'yan kasuwa, Kirista da Musulmi, duk wanda ya taɓa gyara wa inji. Aka raba fitilun har suka ƙare. Ta farko kuwa Magadaliya da kanta ta sa a hannun Ngo Naomi a bakin kabari. Tsohuwar tana da yana a ido, ba ta ganin abu sai ta kawo shi dab da hancinta. Ta kawo fitilar dab da fuskarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta cusa ta cikin zanenta ta ƙi barin kowa ya riƙe mata.

Kowa ya san yadda ake yi da irin wannan fitila a Jos. Ba wanda ya san lokacin da za a kawo wuta, don haka a jone ake barin ta a soket dare da rana, ko ana gida ko ba a gida, domin in wutar ta zo ta sami abin da za ta sha kafin a ɗauke. Haka aka yi da fitilun Siman a gidaje barkatai, tun daga Naraguta har Mangu.

Wata Lahadi da rani, shekara ta zagayo, Klaudiya ta tafi sujada a coci ta bar mijinta Alphonsus a kwance. Ɓarin jikinsa ya shanye tun shekarun baya, ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Ta kulle ƙofa ta waje saboda ɓarayin rana, kamar yadda ta saba. Wajen hantsi aka kawo wuta. Maƙwabta sun ce hayaƙin suka fara gani ta taga, sannan suka ji muryarsa. Kafin su ɓalle ƙofar, labule ya kama, katifa ta kama. An fitar da shi da rai, ya yi 'yan kwanaki a asibiti, ya cika.

Magadaliya ta yi zaman makokin da Klaudiya tun daga farko har ƙarshe. Ranar da mutane suka watse, Klaudiya ta shiga ƙonannen ɗakin ta fito da wani abu a ƙunshe cikin leda, ta ɗora mata a cinya. Fitilar ce, ta narke ta dunƙule, igiyarta na nan a jikinta. Daga gefe ɗaya akwai sauran hoton, kunne da rabin goshi da kafaɗar kwat.

"Daga nan ta tashi," in ji Klaudiya. "A kan akwati take, kusa da labule. Ban ce ke kika yi ba, Magada. Na dai ce ki gani."

Da ledar a hannu Magadaliya ta tafi shagon Ejiofor. Ya duba, ya girgiza kai, ya ciro wayarsa ya nuna mata wani saƙo. Ashe kamfanin da ke shigo da fitilun ya daɗe da aiko da sanarwa cewa wasu daga ciki batirinsu na da matsala, yakan yi zafi in yana caji har ya kama da wuta. Duk mai irinta ya duba lambar da ke bayanta, in tana cikin masu matsalar ya mayar a ba shi wata. An faɗa a rediyo da Turanci, a lokacin da Magadaliya take cikin lambu. Ejiofor ya ce ya manna takarda a ƙofar shago, ruwa ya wanke ta.

"Me ya sa ba ka neme ni ba? Ni da na kwashi katan-katan?"

"Madam, mutum nawa ke saye a nan? Na san gidanki?"

Ta ciro tata ta gida daga jaka ta ajiye masa a kan tebur. Ya juya bayanta, Siman ya dube shi cikin kwat.

"Ina lamba?"

"An kankare."

"To madam, ba lamba, oga na Legas ba zai karɓa ba. Zai ce na tsinto a bola."

"Cikin waɗanda na saya, waɗanne ne masu matsalar?"

"A haɗe suka zo mini, masu kyau da marasa kyau. Wataƙila naki duk lafiya, sai wannan ɗaya. Wataƙila rabi. Takardar da kuka kankare ita kaɗai ta sani."

A nan tsaye a shagon, tana jin hayaniyar Taminus a bayanta, ba taron bison ne ya zo mata a zuciya ba. Ɗakin Ngo Naomi ta gani: ɗakin ƙasa mai rufin kwano da 'yar taga ɗaya, katifar soso, buhunan acca a kusurwa, tufafi a rataye a igiya, soket a daidai kan gado, da sakata da tsohuwar ke turawa ta ciki. Ngo Naomi kan ɗauki lokaci kafin ta miƙe daga zaune, balle ta lalubo sakata cikin hayaƙi.

Ta biya ta wurin Haladu ta gaya masa. Ya zauna a kan bencinsa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sannan ya ce ana iya cire batirin, fitilar ta zama fanko, ba haske ba haɗari. Amma notin suna ƙarƙashin hoton, kuma gam ɗin da ya sa ba ya saki. Sai an yanka fuskar. Ya ce waɗanda suka shiga gidajen Musulmi ta bar masa, shi zai bi su.

Washegari ta hau motar Vom. Ta tarar da Ngo Naomi a ƙofar ɗaki tana shan rana. Suka gaisa, suka shiga ciki. Fitilar tana kan wata 'yar kujera a gefen filo, a jone, an shimfiɗa mata farin hankici.

"Ngo, fitilar nan zan tafi da ita."

"Ina za ki kai shi?"

"Irinta ce ta kashe mijin Klaudiya."

"Mijin Klaudiya kwanansa ne ya ƙare. Siman bai taɓa ƙona ko tsumma ba. Yana yaro ma tsoron ashana yake, sai na kunna masa."

"Ba Siman ba ne, Ngo. Batir ne a ciki."

"Ni ban san batir ba. Da safe in ce masa ina kwana, da yamma ya haska mini in ci tuwo. Ke kina da Suzana, kina da lambu, kina da mutanen kasuwa masu sa ki surutu. Ni me nake da shi?"

"Kina da ni."

"Ina da ke ran Asabar ɗin ƙarshen wata. Sauran kwanakin fa, 'yata?"

Magadaliya ta ce to ta biyo ta Naraguta su zauna tare, ga ɗakin Suzana ba kowa tun da ta yi aure. Ngo Naomi ta nuna bayan ɗaki da haɓa, ta ce wa zai share kabarin. Magadaliya ta ce to a cire batirin a bar mata hoton, ta kuma yi gaskiya ta faɗi cewa sai an yanka fuskar. Tsohuwar ta ɗauki fitilar ta rungume. Abin da kawai aka samu shi ne ta yarda a zare igiyar daga soket, in ana so a yi caji a kai wa maƙwabciyarta Immaculata ta jona a waje, a kan dutse. Magadaliya ba ta kai Bukur ba Immaculata ta kira ta a waya, ta ce tsohuwa ta mayar da igiyar, ta ce ba za a kwana da ɗanta a waje kamar kaza ba.

Daga nan aka fara yawon buhu. Fasto ya yi sanarwa a coci, 'yan kaɗan suka kawo. Sauran sai da ta bi su. Ba ta da abin da za ta bayar a madadi, kuma karɓe abin da aka raba a biso abu ne da ba a taɓa ji ba. Wani dattijo a Jos Jarawa ya tambaye ta, "Maman Suzana, ashe aro kika ba mu? Shinkafar da muka ci ma a dawo da ita?" Wata ta ce tata lafiyarta ƙalau, da ita yaranta ke karatu, in an karɓe su yi da me. Wani ya ce ya ba ƙanwarsa ta tafi da ita Lafiya, wani ya ce ya manta wa ya ba. Wasu suka miƙo ba musu, da yatsu biyu, kamar suna miƙo mataccen ɓera. Aka fara raɗe-raɗin cewa Siman ne bai kwanta ba, akwai abin da aka yi masa, kuma matarsa ta sani, shi ya sa take bin hotunansa tana tattarawa. Maganar ta iso kunnenta a Farin Gada. Ta ci gaba da ƙulla buhun kabejinta kamar ba ta ji ba.

Ana cikin haka wata fitilar ta sake kamawa da wuta a wani shagon ɗinki a Nasarawa, kafin Haladu ya kai gare ta. Ba a rasa rai ba, amma telan ya ƙone a hannu, kayan mutane suka tafi.

Waɗanda ta tattara ba ta yarda ta kwana da su a gida ba. Ta sami tsohon duro a gefen lambu ta zuba yashi. Haladu ya kawo wani mai gyaran rediyo ya nuna mata yadda ake buɗewa, daga nan ita ke yi da kanta bayan ta gama ban-ruwa. Ta sha gwada ɗaga hoton a hankali da reza, da ruwan zafi, da kananzir, ko za ta fitar da ɗaya cikakke. Ko ɗaya bai fita ba. Noti ɗaya yana ƙarƙashin idon hagu, ɗaya a gefen baki, sauran a kan kwat. Takan huda, ta kwance, ta ciro batirin ta tura cikin yashi, ta jefa fankon a buhu ba tare da ta duba ba. Karas ɗinta na wannan shekarar ciyawa ce ta cinye.

Ta sake komawa ƙauye da wata dabara. Ta sayi fitila ta wani kamfani dabam, Haladu ya manna mata hoton nan dai, wannan karon a gaba, ya bar takardar baya yadda take. Ta sa wa Ngo Naomi a hannu. Tsohuwar ta shafa ta sama da ƙasa, ta kawo ta dab da ido.

"Shi ne. Kwat ɗin ma ita ce."

"To ki riƙe wannan, ki ba ni waccan."

"Wannan bai je bakin kabari ba." Ta miƙo mata. "Wancan yana hannuna aka zuba ƙasa. Ki kai wa Suzana wannan, za ta so."

Haka aka kwashe watanni. Abin da ya ɗan kwantar wa Magadaliya da hankali shi ne wutar ƙauyen ba ta zuwa sai jefi-jefi, in ta zo ma ba ta da ƙarfi. Sai ga shi a farkon Disamba an kafa musu sabuwar taransifoma. Immaculata ta kira ta ce yanzu wuta na wuni, har ƙwan lantarki ya fashe a coci saboda ƙarfinta. Ta ce sanyi ya sa tsohuwa ba ta fitowa sai rana ta take, tana tura sakata ta kwanta, kuma ta daina ajiye fitilar a kan kujera. Cikin bargo take sa ta, da igiyarta a jone, wai tana da ɗumi.

"Ɗumi?" in ji Magadaliya.

"Haka ta ce, anti. Ni ban taɓa ba, ba ta bari."

Ba ta jira Asabar ba. Ta sa reza da sukundireba a ƙasan jaka, ta ɗora dankali da kabeji a kai.

Ngo Naomi ta ji muryarta ta buɗe, amma ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya.

"In maganar nan ce ta kawo ki, ki koma tun mota ba ta tashi ba."

"Na haƙura, Ngo. Gaishe ki na zo yi."

"Kin haƙura?"

"Na haƙura."

Tsohuwar ta saki fuska. Ta kama hannunta ta ja ta ciki, tana cewa ta rame, lambun nan zai kashe ta, mace ba ta da aiki sai yawo da buhu kamar mai sayen gwangwani. Ta zaunar da ita a bakin gado, ta ce kada ta motsa, yau ita za ta dafa mata gwate da hannunta, da yakuwa da gauta yadda take so. Ta ɗauki sandarta ta lallaba zuwa madafi.

Magadaliya ta zauna tana jin ƙarar itace ana karyawa. Ta ɗaga bargon. Fitilar tana nan, 'yar jar ƙwayar caji tana ci. Ta ɗora tafin hannu a kanta. Ba zafi. Ɗumin bargo ne kawai, ko na jikin tsohuwar. Hoton ya dushe a wajen kumatu, inda babban yatsa ya saba bi. Mai yiwuwa wannan tana cikin masu kyau, mai yiwuwa ta yi shekara goma a nan ba abin da zai faru. Ba wanda zai iya gaya mata. Ta dubi tagar da ko kanta ba zai shiga ba, ta dubi sakatar.

Ta zare igiyar, ta kifa fitilar a cinya. Duk da ta san ba zai yiwu ba, sai da ta gwada ɗaga gefen hoton da reza. Takardar ta yage a kafaɗa. Ta lalubo ramin da ke ƙarƙashin ido ta huda.

Tana kan noti na ƙarshe hasken ƙofa ya ragu. Ngo Naomi ce, ta dawo ɗaukar gishiri.

"Me kike kankarewa?"

Magadaliya ta ci gaba da abin da take yi. Ta ƙarasa kwancewa, ta ɓalle murfin, ta fizge batirin ta jefa cikin jaka. Sumul yake, bai kumbura ba, ba ya wari. Ta mayar da murfin ta ɗaure, ta miƙe ta sa fitilar a hannun tsohuwar, domin ba ta ga amfanin ɓoyewa ba.

Ngo Naomi ta jingina sandarta da bango. Ta bi bayan fitilar da babban yatsa. Yatsan ya faɗa ramin ido ya tsaya. Ya gangara ya sami na gefen baki. Ta danna makunnin, ta sake dannawa.

"Kin ce kin haƙura."

"Ngo, na ga Alphonsus a asibiti. Ba zan iya ganinki haka ba."

"A ɗakina. Ina dafa miki abinci."

"Ki yafe mini."

"Ciwo ya cinye shi, bai taɓa fuskarsa ba. Ni na wanke ta ranar da aka haife shi, ni na shafa ta ranar da aka rufe akwati, lafiya lau take." Ba ta ɗaga murya ba. "Ɗauki jakarki."

Magadaliya ta durƙusa ta kama ƙafarta. Tsohuwar ta tsaya kamar an dasa ta, ba ta janye ba, ba ta kuma sunkuya ba, har Magadaliya ta gaji ta tashi. Tana fita ta ji an tura sakata. A madafi tukunyar gwaten tana tafasa ba kowa. Ta sauke ta, ta janye itacen, ta yayyafa ruwa a garwashin, sannan ta kama hanyar tasha.

Fasto ya je, dattawan dangi sun je, Suzana ta zo daga Keffi da jaririnta ta yi kuka a ɗakin. Ngo Naomi ta karɓi jaririn ta yi masa wasa, ta ce ba ta riƙe kowa a zuciya ba, amma ba ta da abin da za ta ce wa matar. Wata sabuwar fitila da suka bar mata, ta ba Immaculata. Tsohuwar fitilar kuwa tana nan a gefen filo, an naɗe ta da hankici. Ngo Naomi takan ci tuwonta tun da sauran rana, ta kwanta da duhu.

Magadaliya ta koma lambunta. Har yanzu akwai fitilun da ba ta samu ba, kuma in ta ji an ce an ga ɗaya a wani gida, takan ajiye fartanya ta tafi. Batiran suna cikin duron yashi, ta rufe da kwano ta danne da dutse, ba ta san inda za ta kai su ba.

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata tana hawa motar Vom. Takan ba Immaculata abin da ta kawo, ta je ta yi sallama a ƙofar ɗakin. Ba a amsawa. Sai ta zauna a kan turmin da ke kife a gefen ƙofar, ta harɗe hannu saboda iska, ta kasa kunne. Wani lokaci takan daɗe. In ta ji tari daga ciki, ko ƙarar sanda a daɓe, sai ta tashi ta kaɗe zanenta ta tafi neman mota.